Shukar da Ba Ta Son Ruwa

Ba fure ya je saye ba, inuwa ya je nema. Motarsa ce ta mutu a bakin titi da rana tsaka, kafin makanike ya iso sai ya faɗa wata rumfa mai koriyar raga da ke gefen hanya, inda aka jera tukwanen shuke-shuke har bakin kwalta.

Mai Tabarau ke nan. Yana da ɗan shagon gwajin ido da yanka gilashi a ƙasan wani bene, kuma tun da aka haife shi ko albasa bai taɓa dasawa ba.

Ya tarar da ita a durƙushe tana cusa ƙasa a tukunya, hannuwa duk taɓo. Ta amsa sallamarsa, ta gyara mayafi da bayan hannu, ta ɗago. Shi ke nan, bawan Allah ya manta da mota, ya manta da makanike. Da ta tambaye shi abin da yake so, kunya ta hana shi cewa inuwa.

"Fure nake so in sa a shago," ya ce, ya nuna wata mai lallausan ganye da ke kusa da ƙafarsa. "Wannan."

"Tagar shagonka ina take kallo?"

"Taga kuma?"

"Rana tana shiga? Akwai esi mai sanyaya ɗaki? Kana da mantuwa?"

Ya yi dariya. "Ranki ya daɗe, fure na zo saye, ba aiki na zo nema ba."

"To ba zan sayar maka da wannan ba. Kakanninta a gindin manyan bishiyoyi suka tashi, a bakin rafi, inda iska take da danshi kullum. Ka kai ta cikin esi, kafin ka ankara ta bushe, ka dawo ka ce na cuce ka."

Auta ake ce mata. Lambun na mahaifinta ne, Allah Ya ji ƙansa, ta gaje shi har da halinsa na ƙin sayar wa mutum shuka sai an san irin ɗakin da za ta zauna. Masu saye da yawa sun tafi da fushi a kan haka, yawancinsu kuma sun dawo.

Ta dube shi sama da ƙasa, ta wuce can bayan rumfa, ta ɗan jima. Ta dawo rungume da tukunya mai dogayen ganye a tsaitsaye, kore mai zane-zane, kowane ganye da ratsin rawaya a gefensa.

"Wannan ce taka. Takobi muke ce mata. Asalinta cikin duwatsu ne, inda ruwan sama yake ɗaukewa ya daɗe bai dawo ba, shi ya sa ta koyi ajiye nata a ganye. Da rana ma toshe ƙofofin numfashinta take yi don kada danshin ya tsere. Ka ajiye ta a lungu ka manta da ita. Sai ƙasar ta bushe ƙamas za ka ba ta ruwa, shi ma kaɗan."

"Wato kin dube ni kin ga mai mantuwa."

"Na dai ga makullin motarka a kan buhun taki."

Kafin ya tafi ya karɓi lambarta, wai ko shukar za ta yi rashin lafiya. Ta ba shi tana danne dariya, don ta san takobi ba ta rashin lafiya.

Washegari saƙo ya shigo wayarta.

"Assalamu alaikum 'Yar Lambu. Takobi tana gaishe ki, na goge mata ƙura. Mai ita ne dai ba ya jin daɗi, ina jin sai ya ga likita."

Ta amsa: "Wa alaikumus salam Malam Gilashi. Mai ita ya sha ruwa da yawa zai warke. Ita kuwa kada ka kuskura ka ba ta."

Daga nan Mai Tabarau ya zama ɗan gida. Yana rufe shago da yamma sai lambu, ya naɗe hannun riga ya kama ɗaukar tukwane, rabi yana taimako rabi yana ɓarna. Umma, mahaifiyar Auta, takan zauna a kujerar roba a bakin rumfa tana tsinke busassun ganye, ido ɗaya a kan masu saye, ɗaya a kan 'yarta. Ya lura tana kanne ido in za ta duba waya, sai ya yanko mata tabarau daidai idonta. Ta sa masa albarka har ya ji kunya. Bai san da hannunsa ya gyara idon da zai gano shi ba.

Wata yamma ya tsaya a gaban wata shuka mai faffaɗan ganye duk hudoji.

"Wannan kuma tsutsa ce ta cinye ta?"

"Haka Allah Ya yi ta. A daji bishiya take hawa tana neman haske. Baba ya ce hudojin don iska da ruwa su wuce ne ba su yaga ganyen ba, na ƙasa kuma su sami rabonsu na rana."

Ya leƙo ta ta cikin hudar ganyen. "Ni ma na gano amfaninsu. 'Yar Lambu, ina son ki. Aure nake nufi, ba wasa ba."

Ta sunkuyar da kai tana murza ƙasa a yatsu. "Sai yau bakinka ya buɗe? Tukwane nawa ka fasa min kafin ka iso nan?"

"Kin yarda ke nan?"

"Ka je ka wanke hannu tukuna, Malam Gilashi."

Da abin ya tsaya nan, da labarin ya yi gajere. Sai ga Manaja.

Manajan wani babban otal ne, dogo, mai farar mota da turaren da yake riga shi shiga wuri. Ya cika zauren otal ɗinsa da furannin okid da irin mai lallausan ganyen nan, duk daga lambun Auta, da sharaɗin ita za ta riƙa zuwa kula da su. Mota yake aikowa a ɗauke ta, wani lokacin ma shi yake zuwa da kansa, ya durƙusa ya gaida Umma, ya ajiye mata ledar lemo.

Ranar da Mai Tabarau ya fara ganin Auta tana shiga farar motar nan, wani baƙo ya sauka a zuciyarsa. Kishi ne, kuma bai zo da niyyar tafiya ba.

"Dole sai ke za ki je?" ya tambaye ta da ta dawo.

"Wa zai je? Okid ba a ƙasa take tsira ba, a reshen bishiya take maƙalewa, saiwarta a waje tana shan raɓa. Esin otal ɗin nan kuwa busar da iska yake yi. In ban je na fesa musu ba, mutuwa za su yi."

"Shi ba shi da hannu?"

"Kai dai faɗi abin da ke bakinka."

"Babu komai," ya ce, alhali komai ɗin ne ya cika shi.

Ya koma shago ya zauna yana harar takobi. Tana nan a lungu a tsaye ƙyam, lafiyarta lau, ba ta neman komai wurin kowa. Sai a lokacin ya lura Auta ba ta taɓa taka shagonsa ba. Me zai kawo ta? An ba Manaja masu shagwaɓa, shi an ba shi soja.

"Ke ko ɗan zazzaɓi ba kya yi?" ya ce wa tukunyar. Wata tsohuwa da ta zo karɓar tabarau ta waiga ta ga ba kowa, ta karɓi kayanta ta fita da sauri.

Saƙonninsa suka sauya kama.

"Kina ina?"

"Har yanzu kina can?"

"Na kira ba ki ɗauka ba. Ko hannun duk fesa ruwa yake yi?"

Auta takan bar wayarta a kan teburin Umma in tana aiki. Wayar ta yi ta zuga tana rawa a kan teburin, Umma ta gyara sabon tabarau ta dubi sunan mai kiran, ta ci gaba da tsinke ganyenta.

Rannan ya rufe shago da hantsi ya bi ta otal. Ya zauna a zaure ya ɓoye fuska a bayan jarida. Can ya hango ta a kan tsani tana fesa wa okid ruwa, Manaja a ƙasa ya riƙe mata tsanin da hannu biyu, yana faɗin wani abu tana dariya. Ya sauke jaridar don ya gani da kyau.

"A'a, ba mai tabarau ba ne?" Manaja ya ɗaga murya da fara'a. "Bismillah, a kawo maka shayi?"

Auta ta juyo daga kan tsani. Kallon da ta yi wa Mai Tabarau ya fi mari zafi. Ya ce wani abokinsa yake jira, ya tashi ya fita ba abokin ba dalilinsa.

A hanyar komawa ne dabarar ta zo masa, kuma a lokacin gani ya yi duk duniya ba mai wayonsa. Tunda marasa lafiya take ziyarta, to shi ma zai samar mata marar lafiya.

Da safe ya juye wa takobi kofi guda. Da rana ya ƙara. Da yamma kafin ya rufe ya cika tukunyar har ruwa ya kwanta a sama. Haka ya yi ta yi ba fashi. Shukar ta daure iyakar dauriya, har ya fara jin haushin taurin kanta. Daga baya ganye ɗaya ya yi laushi daga gindi ya kife, na biyu ya bi shi, lungun ya ɗauki wari.

Da murnarsa ya rubuta: "'Yar Lambuna, ki taimaka ki zo shago. Takobi ba lafiya, na rasa yadda zan yi."

Ya share shago, ya goge madubai, ya sa lemo a firiji, ya sauya riga.

Auta ta shigo ko zama ba ta yi ba. Ta durƙusa a gaban tukunyar, ta kama ganye ta ja a hankali. Ya taho a hannunta ba gardama, gindin baƙi ƙirin ya narke. Ta karkata tukunyar, ruwa ya malalo a kan tayil.



"Mantuwa ba ta yin haka," ta ce. "Wannan sai da naci. Kullum ka riƙa ba ta, ko?"

Ya buɗe baki zai yi ƙarya, ƙaryar ta ƙi fitowa. "So nake ki zo. Shi kina zuwa masa, ni ba ki taɓa..."

"Shi ne ka kashe ta."

"Wata zan saya, wallahi ko goma..."

"A ina?" Ta miƙe, idonta ya kawo ruwa. "Ranar da ka fara zuwa, ba ka tambayi kanka me ya kai ni bayan rumfa ba, alhali ga irinta a gaba an jera? Daga tukunyar Baba na raba maka. Ita ya fara dasawa a lambun nan da hannunsa. Ba na sayar da ita. Manajan da yake hana ka barci ya roƙe ni ita don ofishinsa, na hana shi. Kai kuwa ko sunanka ban sani ba na ɗauko maka."

Mai Tabarau ya dubi tukunyar. Ashe tun ranar farko an ba shi abin da yake ta hauka a kai, yana ajiye a lungu yana harara.

Ta ciro 'yar wuƙa daga jaka, ta zaɓi ganye ɗaya da ruɓar ba ta gama da shi ba, ta yanke saman mai lafiya ta ajiye a kan kanta.

"Ka bar shi ya sha iska har bakin yankan ya bushe, sannan ka soka shi a yashi. Zai daɗe kamar ba ya komai. Kada ka zare shi don ka ga ko ya yi saiwa, duk zarewa kashe shi kake yi."

"Ni fa, 'Yar Lambu?"

"Kai ban san yadda ake yi da kai ba," ta ce, ta fita ta bar lemon a firiji.

Ya garzaya wurin yayarsa, wadda ita ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu. Ta zage shi tas, sannan ta yafa mayafi ta raka shi ba da haƙuri.

Umma ta saurare su har suka gama. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Yaro, ina son ka, kai ma ka sani. Amma wayar nan a gabana take rawa. Na yi shiru na ce ƙuruciya ce. Yanzu kuma ka kashe abu mai rai don a zo a gan ka. Yau tukunya ce. Gobe in tana gidanka, me za ka lalata don ta dube ka? Sana'arta? Ko ita kanta?"

Yaya ta ce, "Umma, a yi masa afuwa, so ne ya yi masa yawa."

"Ruwan ma ai yawa ya yi wa shukar. Ba zan ɓoye muku ba, Manaja shi ma ya yi min magana. Kuma otal ɗinsu ya buɗe reshe a wani gari, Auta za ta je ta dasa musu lambu, za ta yi watanni a gidan ƙanwata. Ban yarda ka kira ta ba, ban yarda ka tura saƙo ba. In ta dawo ka zo min da ganyen nan da ta yanka maka, mu ga abin da ka iya."

Duk wanda ya ce jira abu ne mai sauƙi bai taɓa jira da kishi a ciki ba. Mai Tabarau ya rame. Yana gwada idon mutane yana cewa su karanta layin ƙasa, hankalinsa yana wani gari. Ganyen yana tsaye a yashi, bai mutu ba, bai motsa ba, wayarsa ma haka.

Rannan ya ga hoton buɗe sabon otal a shafinsu. Ga Auta cikin shuɗin mayafi tsakiyar furanni, ga Manaja a gefenta yana murmushi da haƙora duka. Ya ƙara girman hoton yana auna tazarar da ke tsakanin kafaɗunsu. Ya rubuta:

"Na ga hoto. Allah Ya sanya alheri. Ashe shi ya sa aka ce kada in kira."

Yatsansa ya tsaya a kan wurin turawa. Ya dubi saƙon da kyau, ya ga ba shi da maraba da kofin ruwan da ya riƙa juyewa. Ya goge, ya jefa wayar cikin durowar gilasai ya kulle.

Sau da yawa hannunsa yakan kai kan ganyen, yana son ya ɗan ja kaɗan kawai ya gani. Sai ya mayar da hannun aljihu ya fita ƙofar shago ya sha iska. Kishin bai ragu ba ko kaɗan. Riƙe shi kawai ya koya.

Wata safiya ya ga yashin ya tsage a gefen ganyen, wani ɗan tsini kore ya leƙo. Ya yi kabbara har maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Murnar ba ta daɗe ba. Tsiron ya girma, ya buɗe ganye ɗaya, ya buɗe na biyu, kore shar da zanensa, amma babu ratsin rawaya ko ɗigo. Ya matsar da shi kusa da taga, ya mayar da shi lungu, ya duba shi da gilashin ƙara girma. Babu.

Yaya ta zo ta gani ta riƙe haɓa. "Kai, wannan ai ba irin ta babanta ba ce. Ko dai ka sake lalata ta, ko su ce ciyawa ka tsinto. Tsohuwar nan ƙiris take jira."

Kashegari ta dawo da leda. Ta fito da wata 'yar takobi daga wani lambu can ƙarshen gari, tsawonsu ɗaya da tsiron, da ratsinta rawaya gwanin kyau.

"Ka dasa ta gefen tsohon ganyen. Wa zai sani? Ni dai ba zan zuba ido mai turare ya ɗauke min ƙanwa ba."

Ranar ne saƙon da ya yi watanni yana jira ya shigo.

"Na dawo. Umma ta ce gobe da yamma."

Ko gaisuwa babu, ko Malam Gilashi babu. Ya karanta shi har ya haddace.

Da yammar ta yi ya ɗauki mai ratsin, ya kulle shago, har ya sa ta a kujerar mota. Ya zauna riƙe da sitiyari bai tayar ba. Sau ɗaya ya taɓa yi wa Auta ƙarya da tukunya, ya ga abin da fuskarta ta koma. Ya fito, ya buɗe shago, ya ajiye ta yayarsa a kan kanta, ya ɗauki tasa koriya.

Abin da ya fara gani a bakin lambu farar mota ce.  Manaja yana zaune kusa da Umma, ƙafa ɗaya kan ɗaya, Auta tana tsaye a bayansu ta ɗan yi duhu saboda rana, ta ƙara kyau, abin da ya ƙara masa ciwo.

Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Umma. Ya juya ya miƙa wa Manaja hannu, duk da hannun ya yi masa nauyi kamar buhun siminti.

Ya ajiye tukunyar a gaban Umma.

"Umma, ga abin da ya fito. Ban zare shi ba, ban cika masa ruwa ba, amma ratsin bai fito ba. Ban san inda na yi kuskure ba. An kawo min wata mai ratsi in zo da ita, har na sa ta a mota, na mayar. Wannan ce ta ganyen Baba. In ba ta yi ba, to iyakar abin da na iya ke nan."

 Auta ta zagayo ta durƙusa, ta shafa ɗan ganyen da yatsa. Kafaɗunta suka fara rawa, ya ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce da hawaye a haɗe.

"Malam Gilashi, ai haka take fitowa."

"Haka?"

"Ratsin nan ado ne da mutane suka zaɓa suka yi ta rabawa, ta saiwa kawai yake bi. In daga ganye aka tayar da ita, komawa take kamannin kakanninta na cikin duwatsu, koriya zalla. Da ka shigo nan da mai rawaya, da kallo ɗaya zan yi mata in san ba ta Baba ba ce."

 Ya tuna tukunyar yayarsa da ya baro a kan kanta.

Umma ta gyara tabarau. "Ni ma da na yi shekaru ina wanke wa mai lambu riga na san wannan. Tun da ka shigo gefen ganyen nake kallo."

Manaja ya miƙe yana gyara agogo. "Ni dama kayan aikinta na kawo. Tun a can ta ba ni amsata, na dai zauna ne in ga yadda za ta kaya da mutumin da aka ƙi ni saboda shi." Ya dafa kafaɗar Mai Tabarau. "Ka riƙe ta da kyau. Amma ka sani, okid ɗina suna nan, kuma ita za ta ci gaba da duba su."

Mai Tabarau ya haɗiye wani abu mai ɗaci. "Allah Ya raya su," ya ce.

Da farar motar ta tafi, Umma ta tashi wai za ta duba masu saye, alhali ba kowa a bakin rumfar.

"'Yar Lambu," ya ce a hankali, "kada in yaudare ki. Kishin nan fa bai mutu ba. Yanzu ma da ya ce okid sai da na ji kamar in fasa wani abu."

"Na gani a wuyanka." Ta share ido da bakin mayafi. "Ni ma da na ji shiru wata da watanni, sai da na ce ko wata mai ciwon ido ta zo gwaji ta zauna. Ban ce ka daina ba. In ya taso ka faɗa min da baki, a gabana, in ji. Kada ka bi ni, kada ka ɓata komai."

"Ko a gaban mutane?"

"Ko a gaban waye."

"Na yi kewarki, Autar Umma."

"Ni na fi ka, ai kai kana da tukunya kana kallo."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. A cikin lambun aka yi taron, aka matsar da tukwane aka jera kujeru, dangi da maƙwabta da masu saye suka cika rumfa har bakin titi. Yaya tana ta kai da kawo tana faɗa wa kowa ita ta haɗa abin, ba wanda ya tona ta.

Mai hoto, wani saurayi mai yawan fara'a, ya tsayar da ango da amarya a tsakiyar ganye.

"Amarya, ni za ki kalla. Yawwa, ɗan murmushi. Kai, masha Allah, irin wannan fuska ai ba ta ba mai hoto wahala. Ƙara kallona."

Ango ya yi gyaran murya. Ya juya ya dubi matarsa, ya faɗa da ƙarfi yadda na kujerar baya ma suka ji:

"'Yar Lambu, ina jin kishi."

Rumfa ta kwashe da dariya. Auta ta kama hannun rigarsa tana dariya har da hawaye, ta juyo da fuskarta gaba ɗaya gare shi.

"Na ji, mijina. To ga ni, kai nake kallo."

A haka hoton ya fito, ba wanda ya kalli mai hoto a cikinsu.

Umma ta matso ta haɗa hannuwansu cikin nata.

"Na ba ka ita da zuciya ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri da juna, Ya sa ku tsufa tare, Ya ba ku zuri'a mai albarka. Allah Ya ji ƙan wanda bai ga wannan rana ba."

Rumfa ta amsa da amin, ango ya fi kowa ɗaga murya.